Darasin Tarihi: Zaɓen Gwamnan Jihar Kaduna na 1979

Ranar Asabar, 28 ga watan Yuli na shekarar 1979, mutanen Jihar Kaduna suka fita zaɓen gwamna. Damina ta yi tsakiya, aikin gona ya yi yawa, ga kuma azumi an fara. Duk da haka manoma suka ajiye fartanya suka tafi rumfunan zaɓe. Da aka gama ƙidaya sai aka sanar da cewa Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ne ya ci. Ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na jam'iyyar NPN. Mutane da yawa sun yi mamaki, domin mako ɗaya kafin wannan rana NPN ce ta kwashe yawancin kujerun Majalisar Dokoki ta jihar. Wato jama'a sun ba jam'iyya ɗaya majalisa, sun ba wata jam'iyyar kujerar gwamna. Abin da ya biyo bayan haka ya isa a yi nazarinsa a kowane aji.

Yadda aka zo ga zaɓen

Sojoji sun karɓi mulkin Nijeriya a watan Janairu na 1966. Sun riƙe shi shekara 13. A cikin waɗannan shekaru babu wanda ya zaɓi gwamna. Daga Legas ake naɗo shi, a kuma cire shi duk lokacin da aka ga dama. Kafin zuwan soja ma talaka bai taɓa jefa wa gwamna ƙuri'a ba. A zamanin Sardauna, Firimiya ne mai gudanar da mulki. Gwamnan Jihar Arewa na lokacin, Sa Kashim Ibrahim, naɗa shi aka yi, kuma matsayinsa na uban ƙasa ne.

Janar Murtala Muhammed ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula ran 1 ga Oktoba, 1979. An kashe shi a watan Fabrairu na 1976, amma Janar Obasanjo da ya gaje shi ya cika alkawarin. Aka rubuta sabon tsarin mulki. Tsarin mulki shi ne babbar dokar ƙasa, wadda duk sauran dokoki ke bin bayanta. Sabon tsarin ya ce jama'a da kansu za su zaɓi shugaban ƙasa da gwamnoni. Duk wanda ya kai shekara 18 yana da ƙuri'a, namiji ko mace. Wannan ne babban zaɓe na ƙasa na farko da matan Arewa suka shiga.

A watan Satumba na 1978 aka ɗage dokar hana siyasa. Hukumar zaɓe ta lokacin, wadda ake kira FEDECO, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista. Akwai NPN, wadda ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari takarar shugaban ƙasa. Akwai UPN ta Cif Awolowo, da NPP ta Dokta Azikiwe, da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, sai PRP ta Malam Aminu Kano. Kowace jam'iyya tana da alama, saboda wanda bai iya karatu ba ya gane ta. Alamar NPN gida da masara. Alamar PRP mabuɗi.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Jihar Kaduna ta wancan lokaci ta fi ta yanzu girma ƙwarai. Ta haɗa da ƙasar Katsina da Daura, da ƙasar Zazzau, har zuwa Kafanchan. Sai a 1987 aka cire Jihar Katsina daga cikinta. A 1979 ƙananan hukumominta 14 ne kawai.

Zaɓe biyar a mako shida

FEDECO ba ta haɗa zaɓuɓɓukan a rana ɗaya ba. Ta raba su biyar, kowanne ranar Asabar. Ran 7 ga Yuli aka zaɓi 'yan Majalisar Dattawa. Ran 14 ga wata aka zaɓi 'yan Majalisar Wakilai. Ran 21 ga wata aka zaɓi 'yan majalisun jihohi. Ran 28 aka zaɓi gwamnoni. Zaɓen shugaban ƙasa shi ne na ƙarshe, ran 11 ga Agusta.

Wannan tsari yana da wani sakamako da ba kowa ya hango ba. Kowane mako jam'iyyu suna ganin ƙarfinsu da na abokan hamayya. Wanda ya ga ba zai kai labari ba yana da kwana bakwai na sake shawara.

Majalisar Dokoki ta Jihar Kaduna tana da kujeru 99. A zaɓen ran 21 ga Yuli NPN ta sami 64. PRP ta sami 16, GNPP 10, NPP 6, UPN kuma 3. Duk wanda ya ga wannan sakamako zai ce NPN ta riga ta gama da kujerar gwamna.

Amma a lura da bambancin lissafin zaɓen biyu. A zaɓen majalisa, kowace mazaɓa cin gashin kanta take yi. A ce a wata mazaɓa mutum 40 sun zaɓi jam'iyya ta ɗaya, mutum 35 sun zaɓi ta biyu, mutum 25 sun zaɓi ta uku. Ta ɗaya ce za ta ɗauki kujerar, alhali mutum 60 ba su zaɓe ta ba. Idan haka ta faru a mazaɓu da yawa, jam'iyya za ta iya cika majalisa ba tare da ta mallaki zukatan yawancin jama'a ba. A zaɓen gwamna kuwa ana tara ƙuri'un jiha baki ɗaya ne. In mutum 35 ɗin nan da mutum 25 suka haɗa kai, to labari ya canza.

Kusan abin da ya faru ke nan. Magoya bayan ƙananan jam'iyyu da yawa sun ga ɗan takararsu ba zai ci ba, kuma ba sa son NPN ta haɗa majalisa da gwamna. Sai suka karkata ga mai mabuɗi. Balarabe Musa ya ci, amma ratar da ke tsakaninsa da Lawal Kaita ba ta da yawa. Bayan mako biyu, a zaɓen shugaban ƙasa, Shagari na NPN ne ya fi kowa ƙuri'a a jihar. Wannan ya nuna NPN ba ta rasa ƙarfinta ba. Kujera ɗaya ce ta kuɓuce mata, amma kuwa ita ce babba.

A duk ƙasar, cikin jihohi 19, NPN ta sami gwamnoni 7, UPN 5, NPP 3, GNPP 2, PRP 2. Jihohin PRP su ne Kano da Kaduna.

Wane ne sabon gwamna?

An haifi Balarabe Musa a 1936 a garin Kaya, ƙasar Zazzau. Akanta ne, wato masanin lissafin kuɗi, kuma ya yi karatun aikin a Ingila. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Kaduna kafin ya tsaya takara. Tun yana saurayi yake bin aƙidar NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950 don kare haƙƙin talakawa. PRP ta gaji wannan aƙida da kuma yawancin mutanenta.

An rantsar da shi ran 1 ga Oktoba, 1979. A kwanakinsa na farko ya sanar da soke haraji da jangali. Gwamnan Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, shi ma ya yi haka.

Matasan yanzu ba su san nauyin wannan magana ba, amma dattawa sun sani. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji duk shekara, ko gonarsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Jangali kuwa a kan kowane kan saniya ake biyansa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Wanda ya kasa biya yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ba shi da daraja, ko ya sayar da akuya. Wani ya sha ɗauri ko wulaƙanci a bainar jama'a. Wani ya gudu ya bar garin. Makiyayi kuma yakan kora shanunsa daji ya ɓoye idan lokacin ƙidaya ya zo. Shekara da shekaru 'yan NEPU suna kuka a kan wannan, sai ga shi an soke da sanarwa ɗaya. Ba a daɗe ba wasu jihohin Arewa suka bi sahu.

Gwamnan ya kuma kafa kwamitin binciken filaye, don sauraron koke-koken manoman da suka ce an ƙwace musu gonaki. Wannan ya faranta wa talakawa rai, ya kuma ɓata wa wasu manya.

Gwamna ba kwamishina

Soke haraji abu ne da aka ji daɗinsa nan take. Amma mulki ba ya tafiya da sanarwa kaɗai. Tsarin mulki ya raba iko gida uku. Majalisa ce ke yin doka. Gwamna ne ke zartar da ita. Kotu ce ke fassara ta idan an sami saɓani. An yi haka ne da gangan, domin kada iko ya taru a hannun mutum ɗaya.

Akwai abubuwa biyu manya da gwamna ba ya iya yi sai da yardar majalisa. Na farko, naɗa kwamishinoni. Kwamishina shi ne shugaban ma'aikata, kamar ta gona, ko ta ilimi, ko ta lafiya. Gwamna ne ke kawo sunaye, majalisa ce ke amincewa. Na biyu, kashe kuɗin jiha. Gwamna yana tsara kasafin kuɗi, wato lissafin abin da za a samu da abin da za a kashe a shekara, amma bai zama doka ba sai majalisa ta yarda.

Balarabe Musa ya aika wa majalisa sunayen waɗanda yake so su zama kwamishinoni. Majalisa ta ƙi. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Aka yi ta haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. 'Yan NPN suna ganin su ne masu rinjaye, don haka dole a dama da su a gwamnati. Gwamnan yana ganin jama'a sun zaɓe shi ne ya aiwatar da manufofin PRP, kuma ba zai iya yin haka da mutanen da ke adawa da manufofin ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna daga akwatin zaɓe. Kowane kuma ya kafe a kan bakansa.

Haka jihar ta zauna ba kwamishina ko ɗaya har ƙarshen mulkinsa. Manyan sakatarori da sauran ma'aikata ne suka riƙa tafiyar da ma'aikatu. Kasafin kuɗi ma ya zama filin daga. Idan manya na ja-in-ja a Kaduna, mai jiran rijiya ko asibiti ko takin zamani a ƙauye shi ke ƙara jira.

A Kano abin ya sha bamban. Can PRP ce ta ci gwamna, ita ce kuma ta cika majalisa da kujeru 123 cikin 138. Abubakar Rimi ya naɗa kwamishinoninsa ba tare da wahala ba, dokokinsa suka riƙa wucewa. A 1980 gwamnatinsa ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda daga baya ta sami lambar yabo ta UNESCO. Jam'iyya ɗaya ce, aƙida ɗaya, shekara ɗaya. Bambancin yana cikin zaɓen ran 21 ga Yuli, wanda mutane da yawa suka ɗauka ƙaramin zaɓe ne.

Ana cikin haka kuma sai PRP kanta ta dare biyu a 1980. Gwamnonin Kano da Kaduna suna halartar taro da gwamnonin UPN da GNPP, shugabannin jam'iyya kuwa ba su yarda da haka ba. Ɓangaren gwamnoni aka kira shi Santsi, ɓangaren Malam Aminu Kano aka kira shi Taɓo. Gwamnan da ke da 'yan majalisa 16 kacal ya wayi gari gidansa ma ba lafiya.

Yadda ake tsige gwamna

Tsarin mulkin 1979 ya ba majalisa ikon tsige gwamna idan ya aikata babban laifi a bakin aiki. Sashe na 170 ne ya shimfiɗa matakan. Da farko kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargi. Sai a ba gwamna takardar don ya kare kansa. Daga nan kashi biyu cikin uku su yarda a yi bincike. Shugaban majalisa ya naɗa kwamitin mutum bakwai. Idan kwamitin ya ce laifi ya tabbata, kuma kashi biyu cikin uku suka amince da rahoton, gwamna ya sauka daga ranar.

To a yi lissafi. Kashi ɗaya cikin uku na 99 shi ne 33. Kashi biyu cikin uku 66 ne. NPN tana da 64 tun ranar zaɓe. Mutum biyu kawai suka rage mata.

Akwai wani abu a cikin sashen da ya ƙara wa majalisa ƙarfi. Ya ce majalisa ce da kanta za ta faɗi abin da ake nufi da babban laifi. Ya kuma ce babu kotun da za ta saurari ƙara a kan maganar. Ga shi kuma shugaban majalisa ne mai zaɓen 'yan kwamitin bincike. Wato mai ƙara ne ke zaɓen alƙali. Wannan rauni ne babba a dokar.

A 1981 majalisa, a ƙarƙashin shugabanta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta kawo jerin zarge-zarge. Ta zargi gwamnan da saɓa wa tsarin mulki da kuma yin ayyuka ba tare da iznin majalisa ba. Gwamnan da magoya bayansa suka ce siyasa ce kawai. Ya garzaya kotu don a dakatar da shirin, kotu ta ce doka ta ɗaure mata hannu. Ranar Talata, 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige shi. Bai cika wata 21 a kan mulki ba. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya.

Har yau ana gardama a kan wanda ya fi laifi. Wasu na cewa da gwamnan ya sassauta ya ba NPN 'yan kujeru, da ya kammala wa'adinsa ya yi wa talakawa aiki mai yawa. Wasu na cewa da ya yi haka, da ya ci amanar waɗanda suka zaɓe shi. Abin da jama'a da dama suka shaida shi ne, mutumin ya bar gidan gwamnati bai tara dukiya ba, ya koma ga siyasarsa da gonarsa.

Abin da ya biyo baya

Kujerar ba ta koma hannun NPN ba. Doka ta ce mataimaki ne ke hawa idan an tsige gwamna, domin tare aka zaɓe su. Saboda haka Alhaji Abba Musa Rimi ya zama gwamna, ya ƙarasa wa'adin har 1983. Kada mai karatu ya rikita shi da Abubakar Rimi na Kano. Wannan mutumin ƙasar Katsina ne, wancan kuwa Bakano.

A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya sake tsayawa, ya kuma ci. An rantsar da shi a watan Oktoba. Wata uku kawai ya yi a kujerar, domin ran 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka sake karɓe mulki, Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Majalisa da gwamna duk suka tafi rana ɗaya.

Da aka zo rubuta tsarin mulkin 1999 an gyara wani ɓangare na dokar tsigewa. A sashe na 188, Babban Jojin jiha ne ke naɗa kwamitin mutum bakwai, ba shugaban majalisa ba. Kotuna ma sun canza hannu. A 2006 wasu 'yan majalisar Jihar Oyo sun tsige Gwamna Rashidi Ladoja, amma kotu ta ce ba su bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, aka mayar da shi kujerarsa kafin ƙarshen shekarar. Haka aka yi wa Gwamna Joshua Dariye na Filato, wanda aka tsige a 2006 aka mayar a 2007. Zaɓen gwamna da na majalisar jiha kuma yanzu rana ɗaya ake yinsu a yawancin jihohi. Mai zaɓe yana karɓar takarda biyu a rumfa ɗaya, kowace da akwatinta.

Lawal Kaita ya rasu a 2018. Balarabe Musa ya ci gaba da jagorantar PRP shekaru da yawa, har ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 2003. Ya rasu a Kaduna ran 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84.

Aikin aji

Malami ya karanta darasin tare da ɗalibai, sannan a amsa waɗannan a littafin rubutu.

1. A haɗa kujerun PRP da GNPP da NPP da UPN a majalisar Kaduna ta 1979. Nawa suka kama? Da nawa NPN ta fi su?

2. Idan majalisar wata jiha tana da kujeru 30, mutum nawa ne kashi biyu cikin uku?

3. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan mazaɓarsa da sunan wanda ke wakiltarta a Majalisar Dokoki ta jiha.

4. A tambayi wani dattijo a gari yadda ake karɓar haraji ko jangali kafin 1979, a rubuta abin da ya faɗa cikin layi biyar, a kawo aji mako mai zuwa.